Allon Omdurman da Allon Zariya: Abin da Jami'o'inmu Suka Rasa na Zanen Sudan

A wani bikin ranar al'adu da na halarta a wata jami'a ta Arewa, na tarar da rumfar ɗaliban da yaƙi ya koro daga Sudan, waɗanda suka dawo gida suka ci gaba da karatunsu a nan. Rumfar ta fi kowace cika. Samari sun sha farar jallabiya da rawani, 'yan mata sun yafa lafaya, ana dafa gahawa da citta a 'yar butar ƙasa mai dogon wuya, hayaƙin turaren wuta ya turnuƙe wurin, a gefe guda kuma an jera robobin dilka da halawa ana ciniki. Na zauna na sha gahawar, sannan na tambayi wata ɗaliba da ta yi shekara huɗu a Khartum ko ta san sunan wani mai zane ɗan Sudan, ko da mutum ɗaya ne. Ta yi shiru tana tunani, sai ta ce, "Wallahi Malam, ban taɓa jin suna da masu zane ba." Ban ga laifinta ba, domin ni kaina na girma ina ɗaukar Sudan a matsayin hanyar aikin hajji ta kakanni, da wurin karatun Larabci da likitanci, da ƙasar da amarenmu suka aro gyaran jiki daga gare ta. Sai da na tsufa a karatu kafin na san cewa a birnin da yarinyar nan ta zauna aka kafa ɗaya daga cikin manyan makarantun zanen zamani na nahiyar Afirka.

Ra'ayina shi ne, abin da jami'o'inmu suke kira musayar al'adu ya tsaya a kan sutura da abinci da rawa na yini ɗaya, alhali akwai musayar da ta fi wannan nauyi wadda ke jiranmu a bakin ƙofa, kuma zanen Sudan na zamani ya kamata ya zama farkon abin da za a shigo da shi harabar jami'a. Dalilina ya wuce tausayin maƙwabcin da gidansa ya kama da wuta, ko da yake tausayin ma yana da muhallinsa. Masu zanen Sudan sun amsa wata tambaya da mu muka bari a rataye tun kafin samun mulkin kai, wato yadda yaron da ya tashi da allo da tawada zai zama mai zanen zamani ba tare da ya yi sallama da gidan ubansa ba.

Mutumin da ya fi kowa shahara da wannan amsa shi ne Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a Omdurman a 1930. Mahaifinsa malamin Alƙur'ani ne mai makarantar allo, irin wadda mutanen Sudan suke kira khalwa, kuma a nan yaron ya fara riƙe alƙalami. Bayan ya yi karatun zane a Khartum, ya tafi makarantar Slade da ke Landan daga 1954 zuwa 1957, ya koyo duk abin da Bature yake koya wa ɗansa game da haske da inuwa da surar jikin mutum. Da ya dawo gida ya baje kolin ayyukan da ya yi a Ingila, sai mutane suka zo ranar buɗewa suka yi masa kara, daga nan ba su sake leƙowa ba. Wani zai iya cewa jama'a ne ba su waye ba, ya tattara kayansa ya koma inda ake tafa masa. El-Salahi bai yi haka ba. Ya shiga gidajen mutane yana duban abin da suke ratayewa a bango da abin da idonsu ya saba da shi, ya ga ayoyi ne da aka rubuta da kyakkyawan hannu, da adon faifai da tabarma da ƙwarya, da zanen da ake yi wa allon yaro idan ya kai wani mataki a karatu. Daga nan ya fara farfasa haruffan Larabci, yana jan wutsiyar harafi har ta zama wuyan dabba ko fuskar mutum ko jinjirin wata, yana amfani da launukan ƙasar da ya taka, wato ja-ja da ruwan ƙasa da baƙi da fari. Shi da Ahmed Shibrain da Kamala Ibrahim Ishag ne ake ambata a matsayin ginshiƙan salon zanen da aka sani da Makarantar Khartum tun wajajen 1960, kuma kafin su akwai Osman Waqialla, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fitar da rubutun Larabci daga shafin littafi suka mayar da shi zane mai zaman kansa.

Duk Bahaushen da ya yi karatun allo ya san abin da nake nufi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Adon da 'yan Sudan suke kira sharafa shi ne muke kira zayyana. Na tuna alaramman da ya yi wa yayana zayyanar sauka. Ya wanke allon ya shafe shi da farar ƙasa ya bar shi ya bushe, ya fere alƙalumansa na gamba guda uku, kowanne da kaurin bakinsa, ya ajiye baƙar tawada da aka haɗa da ƙaro a gefe, da ja da ruwan ɗorawa a 'yan kuttu dabam. Ba shi da abin awo ko ɗaya sai zare da idonsa, amma da ya ja layin farko ya raba allon gida-gida, sai ka rantse da injin aka buga. Ya kwana biyu a kan aikin, ba ya magana da kowa idan ya sunkuya, kuma da ya gama babu wanda ya kira shi mai zane, alaramma ne kawai ya yi zayyana. Da a Omdurman aka haifi jikan wannan alaramma, wataƙila da ya sami malamin da zai ce masa abin da kakansa yake yi ilimi ne da za a iya ɗora gini a kansa. A wurinmu kuwa, yaron da ya shiga sashen koyon zane a jami'a yakan ajiye allo a bakin ƙofa kamar yadda ake ajiye takalmi, ya shiga ya koyi tarihin masu zanen Italiya da Faransa, ya fito ya ɗauki allonsa idan ya ga dama.

Abin mamaki shi ne, tambayar da aka yi a Khartum an yi irinta a Zariya a daidai wannan lokaci. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka ce ba za su ci gaba da kwaikwayon malamansu Turawa ido rufe ba, sai sun gauraya abin da suka koya da abin da suka gada. Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Sun yi abin da ya dace da su, kuma Najeriya tana alfahari da su har gobe. Sai dai kusan dukansu daga Kudu suka zo, kuma gadon da ke kewaye da makarantar tasu, wato zayyanar allo da adon bangon gidajen birnin Zazzau da aikin allura na aska takwas a wuyan babbar riga, bai sami wanda zai yi masa irin hidimar da aka yi wa uli ba. A farkon shekarun 1960 an baje kolin zanen El-Salahi a Mbari, kulob ɗin marubuta da masu zane da ke Ibadan, wato aikinsa ya tsallake Kano da Zariya, inda ake da dubban masu karanta harafin da yake wasa da shi, ya sauka a inda mafi yawan masu kallo ba su san alif ba.

Wannan tsallake bai tsaya a nan ba. A 2013 gidan adana zane na Tate Modern da ke Landan ya shirya babban baje kolin ayyukan El-Salahi na tsawon rayuwarsa, karo na farko da aka yi wa wani mai zane ɗan Afirka haka a wurin. A ƙarshen 2016 aka yi wani a Sharja kan Makarantar Khartum baki ɗayanta. Babban zanen El-Salahi mai fanni tara da ya yi da baƙar tawada a tsakiyar shekarun 1980 yana gidan adana zane na Jami'ar Cornell a Amurka, inda ɗalibin da bai taɓa jin ƙanshin tawadar allo ba zai iya zuwa ya tsaya a gabansa tsakanin lacca da lacca. Wanda ya tsara baje kolin Landan ɗin, Farfesa Salah Hassan, ɗan Sudan ne da ke koyarwa a Cornell, kuma littafin da ya wallafa a 1992 a kan zane da ilimin Musulunci a ƙasar Hausa ne, domin a cikin malaman allonmu ya yi bincikensa. Ɗan Sudan ya zo ya ga darajar zayyanarmu ya rubuta ta da Turanci, mu kuma sai mun bi ta Landan kafin mu ji labarin masu zanen ƙasarsa.

Ga wanda zai ce ai Sudan nesa take, sai in tuna masa cewa babu wata ƙasa a gabas da jininmu ya gauraya da nata kamar ita. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'arsa har suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Nilu kusa da Sinnar, kuma garin yana nan har yau. Alhazan ƙafa da guzuri ya ƙare musu sun zauna sun yi noman auduga a Jazira, jikokinsu suna jin Hausa. Makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci, da malamai 'yan Sudan ta fara, kuma manyan malamanmu irin su Sheikh Abubakar Gumi sun yi karatu a kwalejin horar da malamai ta Bakht er-Ruda da ke Sudan. Mun karɓi fiƙihu da nahawu da tsarin koyarwa daga hannunsu ba mu ji kunya ba. Ban ga dalilin da zai sa a ce zane kaɗai ne ba za a karɓa ba.

Akwai wani abu a aikin El-Salahi da nake ganin manomin Gumel ko na Matamaye zai riga masanin Landan fahimtarsa. Shekaru da dama ya yi yana zana bishiya guda, wadda ake kira haraz a Sudan, kuma ba wata ba ce illa gawo. Kowa a nan ya san halin gawo, yakan zubar da ganyensa da damina lokacin da kowace bishiya take taƙama da kore, sannan ya yi lif da ganye da rani lokacin da sauran suka bushe, shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona, gero yana yin kyau a ƙarƙashinsa, dabbobi kuma suna samun abin ci a lokacin da babu. A zanen nasa bishiyar takan zama layi ɗaya miƙaƙƙe da rassa a jere kamar an auna, wani lokaci ta yi kama da mutum a tsaye shi kaɗai. Mai kallo a Turai sai an rubuta masa bayani a ƙarƙashin zanen kafin ya gane dalilin da ya sa mutumin da gwamnatin Numairi, shugaban Sudan na lokacin, ta tsare a kurkukun Kober a 1975, wata shida ba tare da shari'a ba, zai zaɓi bishiyar da ta ƙi bin sauran itatuwa. A kurkukun ma bai daina zane ba, yana yi a kan 'yan guntayen takardar buhun siminti yana binnewa a cikin yashi don kada masu gadi su gani, kuma daga nan ya samo salon fara zane daga ɗan ƙaramin yanki guda yana ƙara masa wasu a gefe har ya zama babba.

Na san abubuwan da za a ce, kuma wanda ya fi nauyi shi ne batun addini. Iyaye da yawa ba sa son 'ya'yansu su karanta zane saboda abin da ya zo na hani game da surar mai rai, kuma ni ba malami ba ne da zan yi fatawa. Abin da zan iya faɗa shi ne, babban kaso na aikin Shibrain da Waqialla harafi ne tsantsa da siffofin da ba su da rai, irin abin da ke bangon masallatanmu, don haka ko mai tsananin taka-tsantsan zai sami abin da zai tsaya ya kalla. Amma ba zan yi wa kowa rufa-rufa ba, a zanen El-Salahi akwai fuskoki, a na Kamala Ishag ma akwai, kuma waɗannan mutane Musulmi ne da suka tashi a gidajen ilimi suka yi tunani a kan lamarin kafin su ɗauki buroshi. Idan akwai wurin da ya dace a zauna a yi wannan muhawara da hujja da ladabi, malamin fiƙihu a gefe guda mai zane a ɗaya gefen, to jami'a ce. Yin shiru a kan batun shi ne ya sa sashen zane ya zama kamar baƙo a harabar jami'o'in Arewa, ana wucewa ta gabansa ba a shiga.

Sai batun kuɗi, wanda ba na ɗauka da nauyi sosai. Jami'ar da ke iya tura malamai taro ƙasashen waje za ta iya ba mai zane ɗaya ɗaki da abinci da kayan aiki na zangon karatu guda, kuma aikin da aka yi a kan takarda a cikin jakar hannu ake ɗauko shi.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne haɗarin mu ɗauko rabin Sudan mu bar rabi. Makarantar Khartum ta sha suka a cikin gida, kuma masu sukar suna da hujja. An ce ta ɗauki harafin Larabci da al'adar mutanen tsakiyar Nilu ta mayar da su fuskar ƙasa baki ɗaya, alhali Sudan ta ƙunshi Nuba da Darfur da Beja da mutanen Kudu waɗanda suka ɓalle a 2011. Kamala Ishag da kanta ta juya wa makarantar baya, ita da wasu ɗalibanta suka fitar da wata sanarwa a shekarun 1970 suna neman a saki mai zane daga dole sai ya yi hidimar gado. Ita ta karkata ga rayuwar mata, ta yi bincike a kan zar, wanda a Sudan ake haɗa sunansa da bori, ta zana mata zaune a da'ira fuskokinsu a murɗe kamar ana ganinsu ta cikin gilashi, da tsirrai suna fitowa ta tsakaninsu. Hassan Musa, wani mai zane ɗan Sudan da ke zaune a Faransa, ya daɗe yana yi wa masu neman "asali" a zane dariya. Idan jami'a za ta kawo zanen Sudan, to ta kawo shi da wannan gardamar a cikinsa, domin irinta muke da ita. Mu ma muna da ɗabi'ar ɗaukar al'adar birni da fada mu ce ita ce Arewa, mu manta da sauran. Kuma bai kamata zumunci ya rufe mana ido ba, Hausawan Sudan sun ga tashin hankali a 2022 a yankin Damazin, inda aka kashe mutane da yawa a rikicin da tushensa shi ne ko su 'yan ƙasa ne masu haƙƙin sarauta da filaye ko baƙi. Musayar da ba za ta iya ɗaukar irin wannan magana ba, ba ta wuce rumfar gahawa ba.

Dalilin da ya sa nake ganin lamarin ba ya jiran gobe shi ne halin da masu zanen suke ciki yanzu. A 2019, lokacin zaman dirshan adawa da gwamnati da aka fara ranar 6 ga Afrilu a gaban hedikwatar soja, dab da Jami'ar Khartum, matasa sun mayar da bangayen unguwar wurin baje koli. Alaa Satir ta zana mata a sahun gaba, Assil Diab kuma ta bi gidajen waɗanda aka kashe tana zana fuskokinsu a bangon iyayensu. Bayan kisan da jami'an tsaro suka yi wa masu zanga-zangar ranar 3 ga Yuni an bi yawancin zanen wurin zaman dirshan an shafe da fenti. Sannan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin soja da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF ya tarwatsa abin da ya rage. An wawashe gidan tarihi na ƙasa, ɗakunan aikin masu zane da ke tsakiyar Khartum sun zama fagen daga, mutane sun gudu sun bar aikin shekara talatin a bayansu. Yau masu zanen Sudan suna Alƙahira da Nairobi da Kampala da biranen Tekun Fasha, wasu suna baje koli, wasu suna neman abin da za su ci. Kenya da Uganda, waɗanda ba su da rabin alaƙar da muke da ita da Sudan, su ne suka buɗe musu ƙofa. Mu da muka kwaso 'ya'yanmu a motocin safa zuwa iyakar Masar da Port Sudan, ba mu waiwaya mun tambayi abin da ya sami malaman kwalejin zane ta Khartum ba.

Abin da nake so in gani ba shi da wuyar fasaltawa. A gayyato mai zane ɗaya ko biyu su zauna zangon karatu guda a Zariya ko Kano ko Maiduguri ko Damagaram, a ba su ɗalibai, a rataye aikinsu a wurin da jama'a ke wucewa, kamar zauren ɗakin karatu, maimakon a kulle shi a ofishin shugaban sashe. A bar ƙofa a buɗe ga mutanen gari, a rubuta bayanin kowane zane da Hausa da ajami da Larabci kafin Turanci. Masu fassara ma ba sai an nemo su daga nesa ba, ga ɗaliban nan da suka dawo da Larabcin Khartum a bakinsu, waɗanda a yanzu ba a tuna da su sai ranar al'adu. Kuma tunda musaya ake magana, kada baƙon ya koma hannu rabbana. A kai shi Kurmi ya ga masu dukan littafi da masu ɗinkin gafaka, a kai shi cikin birnin Zazzau ya ga aikin magina a bango, sannan a ɗauko alaramma mai zayyana daga tsangayarsa a zaunar da shi a ɗakin zane na jami'a a matsayin malami, a biya shi kamar yadda ake biyan duk wani malamin da aka gayyato. Ina so in ga ranar da za a shimfiɗa tabarma a tsakiyar ɗakin, alaramma da alƙalumansa na gamba a gefe guda, baƙon Omdurman da buroshinsa a ɗaya gefen, ɗalibai sun kewaye su, a ajiye allo ɗaya wankakke a tsakaninsu a ga wanda zai fara jan layi.